Wanne zan fara? Yadda tela zai jera ayyukansa kafin Sallah ta riske shi

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san me ake kira rikicewa. Kaya jibge har saman tebur, waya na ta ruri, wani ya zo ya zauna a benci ya ce ba inda za shi sai da kayansa, yaron shago ya tafi sayo zif tun hantsi har azahar bai dawo ba, ga NEPA sun ɗauke wuta, shi kuma oga ido ya kaɗa ya yi jawur don rabonsa da barcin kirki har ya manta. Abin haushin ma ba wai malalaci ba ne fa, aiki yake kamar zai kashe kansa, amma daren Sallah sai ka tarar da kayan mutum goma ko yankawa ba a yi ba. Daga nan sai kashe waya da ɓuya, gari ya ɗauka teloli ba su da alƙawari.

Ni a ganina yawancin lokaci ba ƙarancin ƙwazo ba ne, rashin jeri ne. Wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara yi wa, wanda ya kawo kayansa tun Sha'aban ya biya kuɗinsa ya yi shiru don mutunci shi ke kwana ba kaya. Da tela zan yi misali har ƙarshe, amma ɗalibi mai jiran jarabawa, ko ma'aikacin ofis, ko uwar gida mai sana'ar abinci, kowa ya cire keke ya sa nasa aikin a wurin, tsarin ɗaya ne.

Kafin mu shiga matakai akwai abu biyu da dole ka raba su a kanka. Aiki mai gaggawa shi ne wanda lokacinsa ke shirin fita, agogo ne ke kora shi. Aiki mai muhimmanci shi ne wanda in ba a yi ba za ka yi asara ta gaske, ta kuɗi ko ta suna ko ta lafiya ko ta haƙƙin wani da ke wuyanka. Wani aikin yana da duka biyun, wani ɗaya kawai, wani kuma ba ko ɗaya. Turawa suna jingina wannan rabon ga Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961, saboda wani jawabi da ya yi a 1954 inda ya kawo maganar wani tsohon shugaban kwaleji da ya ce matsalolinsa iri biyu ne, masu gaggawa da masu muhimmanci, kuma masu gaggawar ba su da muhimmanci, masu muhimmancin ba sa zuwa da gaggawa. Daga baya Stephen Covey ya yaɗa shi a siffar gida huɗu a littafinsa na 1989. Amma mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk wadda ake bin ta ramuwar azumi ta san shi, wajibi ne babu wasa amma ba mai matsa maka a Shawwal, sai a yi ta cewa gobe har Sha'aban ya kama a fara lissafi da yatsu.

Mataki na farko, juye komai a takarda

Ka nemi littafi irin na 'yan makaranta, ba bayan kwalin sitif ba, ba jikin bango ba, ba kuma "ai yana kaina" ba. Kai ba ya riƙe kayan mutum sittin, abin da yake yi shi ne ya riƙa tuno maka da wanda ya fi tsorata ka. Kowane kaya layi ɗaya: sunan mai shi, irin ɗinkin, ranar da ya kawo, ranar da ka yi masa alƙawari, ya ba da kafin alƙalami ko bai bayar ba, sannan abin da ya rage ba ka da shi, zare ne ko maɓalli ko sai an kai wajen mai aikin wuya. Ka ba kowane layi lamba, ka rubuta lambar a 'yar takarda ka maƙala jikin yadin da fil, don farar shadda goma in suka haɗu a leda ɗaya sai Allah.

Inda mutane ke kuskure shi ne su rubuta ɗinki kawai. A'a, duk abin da zai ci lokacinka ya shiga: keken da ya fara tsallake zare, kuɗin hayar shago, man janareto, cefanen gida, zakkar fidda kai, maganin Baba da ya kusa ƙarewa, da kayan sallar 'ya'yanka, don kowa ya san 'ya'yan tela su ne na ƙarshe a layi, wani sa'in ma da safiyar idi ake sa musu maɓalli suna kuka. Kada ka tsaya tantancewa a wannan matakin, zuba kawai.

Mataki na biyu, tambaya biyu ga kowane layi

Ta farko: in ban taɓa wannan yau da gobe ba, me zai faru? In amsar ita ce ba komai, to ba shi da gaggawa, ko da mai shi ya kira sau bakwai. Ta biyu: in ban yi shi ba kwata-kwata, ko na yi shi a makare, me zan rasa? In amsar ita ce kwastoman shekara da shekaru, ko kuɗi mai kauri, ko alƙawarin da na ɗauka da bakina na karɓi kuɗin mutum, to yana da muhimmanci.

Ka yi gaskiya a nan don zuciya tana da wayo. Akwai wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 da ya nuna mutane kan zaɓi aikin da aka ce lokacinsa ya kusa ƙarewa ko da ladansa bai kai na ɗayan ba, kawai don an ce saura kaɗan. To haka muke. Mutum ya shigo da wando a hannu ya ce oga don Allah ɗan rage min ƙafa yanzun nan minti biyar ne, sai ka ajiye babbar rigar da za a kai wajen aiki yau ka kama, minti biyar ɗin nan da sauya zare da aunawa da hira da neman canji ta zama rabin awa, kuma irinsa shida za su zo kafin la'asar.

Mataki na uku, raba su gida huɗu

Ka ja layi a tsaye ka ja a kwance a sabon shafi. Gida na ɗaya na masu gaggawa kuma masu muhimmanci: ankon bikin da za a yi jibi, kayan Alhajin da zai tashi Umara ranar Laraba, keke ya tsaya cak, yaro ba lafiya. Waɗannan kai da kanka kuma yanzu.

Gida na biyu na masu muhimmanci da ba su matsa ba tukuna: kayan waɗanda suka kawo da wuri, sabis ɗin keke, sayo zare da zif da yawa lokaci ɗaya, koya wa yaro sa aljihu da kafa wuya, barcinka. Waɗannan rana ake sa musu.

Gida na uku na masu ihu amma ba su da nauyi, ko kuma gaggawar ta wani ce ba taka ba: mai rage ƙafar wando, kira ana tambaya "an gama?", aiken da kowane yaro zai iya. Gida na huɗu kuwa ba gaggawa ba muhimmanci, ka san su, za mu zo kansu.

Da ka gama ka dubi gida na ɗaya da kyau ka tambayi kanka nawa ne a ciki da asalinsu 'yan gida na biyu ne. Keken da ya tsaya yau ai tun wata biyu yake ƙara kana ji kana cewa bari a wuce wannan satin. Ankon jibi sati uku ke nan yana ƙarƙashin tebur. Yawancin gobarar daren Sallah mu muka haɗa ta da hannunmu tun Rajab.

Mataki na huɗu, lissafa ƙarfinka kafin ka ƙara karɓar ko ƙyalle

Wannan ne teloli ba sa so, kuma in ka tsallake shi duk sauran zane ne kawai a takarda. Ka san kaftani nawa shagonka ke iya kammalawa a rana, ina nufin kammalawa har guga da ninkewa, kuma ranar da aka saba ba ranar da aka yi kwanan shago ba. A ce huɗu ne kai da yaranka. A ce yau 8 ga azumi. Kada ka lissafa da 30, wata na iya yin 29 a wayi gari Sarkin Musulmi ya sanar an ga wata. Kuma ranar rufewarka ba daren Sallah ba ce, ka sa ta 26, don masu tafiya gida Sallah za su karɓa da wuri, wani kuma zai gwada ya ce hannu ya yi tsawo. Daga 9 zuwa 26 kwana 18 ke nan. Cire biyu saboda Juma'a da ba a cika yini ana aiki ba da ranar da wuta ko mai za su ba ka kunya, saura 16. Sau huɗu, 64. Yanzu ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na abin da ba ka sani ba, rasuwa ko zazzaɓi ko ɗinkin da za a farke a sake, sai ya rage kusan 50. In layukan littafinka sun kai 50 to littafi ya rufe, ko waye ya zo. In sun riga sun haura, ka tsallaka zuwa mataki na ƙarshe ka karanta tun yanzu.

Babbar riga ba kaftani ba ce, gawun mai duwatsu ba riga da siket ba ce, don haka ka lissafa masu wuya a matsayin biyu ko uku.

Mataki na biyar, jeri a cikin gida na ɗaya da na biyu

To ko a cikin masu muhimmancin wanne ne gaba? Ba lallai wanda ranarsa ta fi kusa ba. Ka fara da wanda hanyarsa ta fi tsawo, wato duk kayan da sai sun fita daga hannunka sun je wajen wani, mai aikin wuya, mai kwamfuta, mai sa duwatsu, mai bugu. Su ma layi ne a wurinsu kuma kullum ƙara tsawo yake, rigar da za ka kai a 10 ga wata ta dawo cikin kwana biyu, in ka kai ta a 24 sai ka yi ta sintiri. Saboda haka ka yanka su ka tura tun farko, suna can ana yi kana nan kana ɗinka waɗanda ba sa fita. Bayan su sai masu tafiya, sai kuma ka bi ranar kawowa, wanda ya riga ya riga.

Sannan ka haɗa iri ɗaya wuri ɗaya. Yanka duk na gobe a zama ɗaya. Fararen kaya a jere don kada ka yi ta sauya zare. Wuta kuma ita ce sarauniya, da an kawo a bar duk abin da hannu zai iya a kama abin da sai da ita, guga da wibin (ɗinke bakin yadi don kada ya zare) da babban keke, in an ɗauke sai a koma yanka da sa maɓalli da cire zare. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kunna janareto don guge riga ɗaya ya zama ɓarna, tara su ka kunna sau ɗaya.

Ka kuma san lokacin da kanka ke aiki. Mu ranarmu salloli ne suka yanka ta, ka yi amfani da hakan maimakon jadawalin minti-minti da ba zai rayu ba. A azumi daga bayan asuba zuwa hantsi nan ne ƙarfi yake, gari da sanyi, ba kwastoma, ba kira, to nan za ka sa aiki mafi wuya da mafi tsada. Bayan la'asar kuwa yunwa ta taso ido na ganin biyu-biyu, wallahi kada ka sa almakashi a shaddar dubu ɗari a wannan lokacin, ka bar shi na ƙananan abubuwa da sallamar masu karɓa. Bayan tarawihi ƙarfi ya dawo sai a koma keke. Kowace safiya abu uku kacal za ka ja wa layi a ƙasa ka ce waɗannan ko me za a yi sai sun fita yau, sauran in an samu ƙari ne.

Mataki na shida, ka tsare gida na biyu kamar kuɗin adashi

Shi gida na biyu ba ya kira, ba ya zama a benci, shi ya sa kullum ake danne shi. Maganinsa ɗaya, ka ba shi lokaci mai suna. Ba "zan kai keke sabis" ba, "Asabar bayan azahar keke yana wajen mai gyara". Ba "ya kamata yaron nan ya iya wuya" ba, "kullum rabin awa bayan an buɗe shago ina tsaye a kansa". Rabin awar nan za ta yi maka ciwo a farko don kai da kanka za ka fi sauri, amma yaron da ya iya kafa wuya a Sha'aban ya zama hannu na biyu a Ramadan.

Rajab da Sha'aban su ne watannin wannan gida. A nan ake sabis, a sauya bel da allurai, a shiga Ƙofar Wambai in a Kano kake a sayo zare da zif da sitif na wata guda kafin cunkoso da tashin farashi, a kuma tura wa tsofaffin kwastomomi saƙo cewa mai son kayan Sallah ya shiga kasuwar yadi ta Kwari ya kawo kafin 5 ga azumi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma da an sauko daga ƙaramar Sallah ka tuna babbar tana nan tafe bayan kamar kwana 70, ga bukukuwan da ake ɗagawa sai bayan azumi, don haka sati ɗaya na hutu ya isa a sake buɗe littafi.

Barci ma nan gidan yake. Tela mai kwana biyu ba barci shi ke yanka hannu biyu na ɓangare ɗaya, ya biya yadi ya kuma rasa yini.

Mataki na bakwai, gida na uku, inda kunya ke cin mutum

Gaskiyar magana abin da ke cika littafin tela ba kwaɗayin kuɗi kaɗai ba ne, jin nauyi ne. Kawunka ya shigo a 25 ga wata da yadi a hammata, ya za ka yi? Ba za ka ce masa "ba zan yi ba", kuma in ka ce "to Kawu" ka san kayan wani marar baki ne za su kwana. Akwai hanya tsakani. "Kawu wallahi da ka sanar da ni da wuri, yanzu kayan mutane ne a wuyana na riga na karɓi kuɗinsu, in na amsa maka ƙarya zan yi maka. Ka bar shi nan, kwana uku bayan Sallah ka aiko a karɓa, ko in kira maka wani abokina da yake da sarari." Zai ɗan ɓata rai, amma ɓacin ran yau bai kai na daren Sallah ba lokacin da zai aiko yaro a ce ba a yanka ba.

Ga Hajiya mai kira kullum kuwa: "Hajiya ranki ya daɗe kayanki lamba 31 ne, ranar Talata bayan la'asar in sha Allahu, ni zan kira ki." Mutum in ya ji rana da lokaci yakan lafa, rashin sani ne ke sa shi sintiri. Wayar ma ka ba babban yaronka ya riƙa ɗagawa da littafi a gabansa, kai kuma ka duba WhatsApp sau biyu, bayan azahar da bayan buɗa baki. Masu rage ƙafa da sa zif a ware musu ƙaramin yaro da keke ɗaya, ko a ce su dawo bayan la'asar.

In za ka ba yaro aiki ka ba shi cikakke: me zai yi, yaushe kake so, kuma ya nuna maka na farko kafin ya ci gaba da sauran. Aikewa kasuwa kuma sau ɗaya a rana da jerin abin da ake so a rubuce, ba duk bayan awa a tashi mutum don zare ɗaya ba.

Kuɗin gaggawa fa? Wani zai ce zai ninka maka kuɗi a yi masa cikin kwana biyu. Ba laifi ka karɓa in daga cikin sararin nan da ka ware ne, ko za ka ƙara awa daga naka lokacin. Amma in layin wani za ka sayar masa, wanda ya kawo da wuri ya biya, ni dai ban ga sunan da za a kira wannan ba in ba cin amana ba.

Gida na huɗu ba sai an daɗe ba. Musun ƙwallo da 'yan majalisar ƙofar shago, leƙa TikTok "na minti ɗaya", abokin da ke zuwa ya zauna kan teburin yanka yana ba ka labarin siyasa. Ba haramun ba ne, amma a wannan watan su jira. Ka dai bambance su da hutu na gaske, kishingiɗar rabin awa bayan azahar aiki take yi maka.

Mataki na ƙarshe, duba littafi kowane dare, kuma ka yi magana da wuri

Kafin ka rufe shago minti goma, soke abin da ya fita, ka ga me ya matso daga gida na biyu zuwa na ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin ukun gobe, ka ware yadinsu da zarensu a kan tebur don da asuba kada ka ɓata lokaci kana nema. Wata ranar tsarin zai rushe gaba ɗaya, a yi rasuwa a unguwa a tafi jana'iza da zaman gaisuwa, wannan ba abin da za a yi shawara a kai ba ne, tafiya za ka yi, dalilin ware sararin nan ke nan. Da ka dawo ka sake jerawa daga inda aka tsaya.

In kuma lissafi ya nuna maka ƙarara cewa kaya goma ba za su samu ba, ranar da ka gane ranar za ka kira, ba daren Sallah ba. Ka zaɓi na ƙarshen kawowa da waɗanda ka san suna da wasu kayan, ka ce "Alhaji ka yi haƙuri na duba aikina na ga ba zan cika maka kafin Sallah ba, ga yadinka ga kuɗinka in kana so ka kai wani wuri tun da sauran lokaci, in kuma za ka jira to ranar kaza." A 15 ga wata mutum yana da inda zai kai, wasu ma za su ce bar shi kawai na babbar Sallah ne, sai ka rubuta sabuwar ranar a gaban lambarsa tun kafin ka ajiye wayar.